Me ya sa dodon da na zana yake ba yara dariya?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Damagaram, a Birni nake zaune. Na kalli wani gajeren fim na zane mai motsi, na ban tsoro, wanda aka ce daga wani tsohon labarin Turawa aka ɗauko shi. Bai kai minti goma ba amma ya hana ni barci. Sai na ce bari in yi irinsa da tatsuniyarmu, ta yarinyar nan da ta ce ba ta auren mai tabo. Wata huɗu na yi ina zana dodon a waya, na sa masa haƙora zaƙo-zaƙo da jajayen idanu. Da na nuna wa ƙannena sai suka fashe da dariya, har suna cewa in maimaita musu. Ina kuskuren yake? Rashin kayan aiki ne, ko sai na koyi 3D? Tsohuwar kwamfuta gare ni da waya."

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, domin ka zaɓi tatsuniyar da ta dace, kuma ka yi abin da mutane da yawa ba sa yi, wato ka zauna wata huɗu a kan aiki har ka kai shi gaban 'yan kallo. In na fahimce ka, kana son sanin dalilin da abin da ka zana don ya razana mutane ya koma abin wasa, kuma kana zargin kayan aikinka. To ni ban zarge su ba. Kwamfutarka da wayarka sun isa. Kuskuren shi ne ka nuna dodon.

Koma da tunaninka daren da aka fara ba ka wannan tatsuniya. Ana zaune a tsakar gida bayan sallar isha'i, fitila ɗaya ce, kaka ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", kuka ce "ta zo mu ji ta". Ko ta taɓa zana muku dodo? Ko ta taɓa faɗa muku yawan haƙoransa? Abin da take yi shi ne ta rage murya, ta ja numfashi, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta kwaikwayi takunsa da tafin hannu a kan tabarma. Kowane yaro a wurin ya ƙera nasa dodon a cikin kansa, daidai da abin da ya fi tsoro, shi ya sa bayan an ce ƙurunƙus babu mai yarda ya je bayan ɗaki shi kaɗai. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a harkar fim ɗin tsoro wannan magana gaskiya ce har ta yi yawa: da zarar ido ya ga abu sarai, ya auna tsawonsa da faɗinsa, to tsoron ya gudu. Ƙannenka sun ga dodonka, sun ƙirga haƙoransa, sun gane zane ne, hankalinsu ya kwanta. Dariyar da suka yi ta samun sauƙi ce.

Abin da magabata a wannan sana'a suka yi

Ban san wane fim ka kalla ba tunda ba ka faɗi sunansa ba, amma akwai wanda duk mai koyon wannan aiki ya kamata ya zauna ya nazarta. A 1953 wani kamfanin zane na Amurka mai suna UPA ya ɗauki gajeren labarin Edgar Allan Poe, The Tell-Tale Heart, wanda aka fara bugawa a 1843, ya mai da shi fim da bai cika minti 8 ba. Labarin wani mutum ne da ya kashe tsohon da suke zaune gida ɗaya saboda tsanar idon tsohon, ya ɓoye gawar ƙarƙashin katakon daɓen ɗaki, sannan ya riƙa jin bugun zuciyar mamacin har ya tona wa kansa asiri gaban 'yan sanda. In ka duba fim ɗin da idon mai sana'a za ka ga motsin da ke cikinsa kaɗan ne. Yawancinsa zane ne a tsaye, kyamara ce ke yawo a kansa, haske ya zo ya wuce, inuwa ta miƙe a bango. Nauyin duka yana kan muryar James Mason mai ba da labarin da kuma wannan bugun zuciya. Duk da haka hukumar tace fina-finai ta Ingila ta ba shi alamar X, ta manya kaɗai, kuma shi ne fim ɗin zane na farko da ta yi wa haka. Ya kuma shiga jerin masu takarar kyautar Oscar.

Ba sai mun tsallaka teku ba ma. Moustapha Alassane, ɗan ƙasarmu da aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, Allah ya jiƙansa, da wasan inuwa ya fara tun yana yaro, fitila da kwali. Daga baya ya yi aiki da Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fina-finai, a Yamai, ya je Kanada ya ƙaro ilmi wurin Norman McLaren, gwanin fim ɗin zane mai motsi, ya dawo ya yi fina-finan zane tun cikin shekarun 1960, har a 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana, wanda shi ma daga labarin gargajiya ya ɗauko shi. Ya zauna a Tawa shekaru da yawa yana aikinsa da abin da hannunsa ya iya kaiwa. Wayar da ke aljihunka ta fi kyamarar da ya fara da ita nesa ba kusa ba. Ina faɗa maka wannan ne don ka san sana'ar tana da asali a gidanmu, kai ba baƙo ba ne a cikinta.

Ina tsoron yake a cikin tatsuniyar taka

Nan ne nake so mu daɗe, domin nan aikin yake. Kowane gari da yadda yake ba da wannan tatsuniya, amma yadda na ji ta a bakin kakata ga shi. Yarinya kyakkyawa ta ce ba ta auren wanda ke da tabo ko ɗaya a jikinsa. Duk wanda ya zo zance sai ƙanwarta ta rikiɗe ta zama ƙuda, ta shiga cikin rigarsa ta bincika, ta dawo ta ce akwai tabo, a sallame shi. Rannan sai ga wani baƙo, ƙuda ta zaga jikinsa kaf ba ta ga komai ba, sumul. Aka ɗaura aure, ya ɗauki amarya zai kai ta garinsu, ƙanwa ta bi su. Da suka yi nisa cikin daji sai ya fara tsayawa nan da can yana mayar da abin da ya aro: riga ga mai ita, fata ga mai ita, ƙafa, hannu, har ya koma ainihinsa.

Kai ka ɗauka tsoron yana wurin da ya koma ainihinsa, shi ya sa ka kashe wata huɗu a kan wannan siffa. A'a. Tsoron yana kan hanya. Yana lokacin da ango ya ce "dakata ni nan, zan ba wani saƙonsa", ya shiga bayan kuka, ya fito, kuma takunsa ya canja. Yana lokacin da amarya ta lura amma kunya ta hana ta tambaya, domin amarya ba ta ɗaga kai ta dubi mijinta, balle ta ce masa ina ƙafarka. An ce tsoro na daji, kunya na gida, to wannan yarinya ta ɗauko kunyar gida ta shiga daji da ita, kuma kunyar ce ke ja mata ƙafa zuwa halaka. Wannan shi ne abin da babu wani labarin Turawa da zai ba ka, kuma duk 'yar Damagaram da ta taɓa ganin an kai amarya a lulluɓe za ta ji shi a jikinta.

Lulluɓin nan kyauta ce a gare ka. Ka sa kyamara ta zama idon amarya. Abin da take gani kawai shi ne ƙasa, ta ƙarƙashin mayafi: yashi, ƙafafunta da lalle, da sawun mijin da ke gabanta. Da farko sawun takalmi ne. Bayan tsayawar farko sawun ƙafa ne ba takalmi. Bayan ta biyu sawu ɗaya ne, da wani dogon layi a gefensa kamar ana jan abu. Bayan ta uku babu sawu ko ɗaya sai layin. Ba ka zana dodo ba, ba ka zana jini ba, amma na rantse maka babu yaron da zai yi dariya. Muryarsa kuma kada ta canja. Ya ci gaba da magana cikin taushi, yana tambayarta ko ta gaji, ko tana son ruwa. Muryar mutumin kirki da ke fitowa daga abin da ba shi da sawu ta fi kowane gurnani ban tsoro.

Sauran tatsuniyar ka yanke. Jerin masu neman aure da aka kora, mutum ɗaya ya isa, cikin daƙiƙa talatin. Bikin ka wuce shi da guɗa ɗaya da ƙarar kalangu da ke nisanta a hankali har ta ɓace, wannan ɓacewar ita ce alamar sun bar mutane. Gajeren fim abu ɗaya yake iya ɗauka, naka kuwa tafiyar nan ce. Yadda suka kuɓuta a ƙarshe kana iya barinsa a taƙaice, ko ka tsaya daidai inda ƙanwa ta raɗa wa yayarta cewa kada ta ɗaga mayafi. In kakarka ko wata gwaggo tana da waƙar da ake rerawa a cikin tatsuniyar, je ka durƙusa ka roƙe ta ta rera maka, ka naɗa. Kada ka ƙirƙiro sabuwa alhali ta asali tana raye a cikin gidanku.

Kunne kafin ido

Ni a aikina sauti nake fara gamawa kafin in taɓa almakashi ko alƙalami, kuma haka masu zanen motsi suka saba, ana naɗar murya sannan a auna motsi a kanta. Ka haɗa fim ɗin gaba ɗaya da sauti zalla, kamar wasan kwaikwayon rediyo, wanda mutanen garin nan suka daɗe da gwanancewa a kai. Ka tara ƙannen nan naka da dare, ka kashe fitila, ka kunna musu. In sun matso kusa da juna, kana da fim. In ba su matso ba, babu zanen da zai cece shi, sai ka koma ka gyara tun ba ka yi asarar watanni ba.

Wurin naɗa, nemi ɗakin ƙasa irin na tsofaffin gidajen Birni, mai kaurin bango. Ɗakin siminti mai rufin kwano yana mayar da murya kamar cikin tulu. Rataya barguna, shimfiɗa tabarma, kashe fanka, ka jira sai dare ya raba, 'yan kabu-kabu sun tashi, ka gama kafin kiran assalatu. Wayar ta tsaya kamar taƙi ɗaya daga bakin mai magana, ɗan gefe kaɗan don kada iskar baki ta buge ta. Manhajar Audacity kyauta ce kuma tsohuwar kwamfuta na ɗaukarta, da ita za ka yanka ka jera.

Sauran ƙararrakin duk suna cikin gida. Busasshen karan dawa in ka karya shi a hankali kusa da waya, ƙashi ne ke gocewa. Jiƙaƙƙen tsumma da ake ɓamɓarowa daga kan faranti, fata ce ake tuɓewa. Buhu mai rabin yashi da ake ja a ƙasa, tafiyar angon ce bayan tsayawa ta uku. Ƙwarya a kife cikin ruwa, irin ta kiɗan mata, in ka buga ta da tafin hannu sannu sannu, zuciya ce. Na taɓa kwana biyu ina neman ƙarar da za ta zama numfashin wani abu a cikin rijiya, ƙarshe a bakin wani tsohon tulu na same ta, na hura a ciki waya tana ƙasansa. Sai dai ka kula da abu ɗaya: mafi yawan masu kallonka a waya za su kalla, kuma lasifikar waya ba ta fitar da sauti mai zurfi sosai. Bugun da ka ji yana girgiza ƙirji a abin kunne zai iya ɓacewa ɗungurungum. Kowane gyara ka yi, gwada shi a waya mafi araha da ke gidanku.

Kuma kada ka ji tsoron shiru. Daƙiƙa huɗu babu ƙarar komai, bayan kunne ya saba da kukan gyare, ta fi ihu aiki. Gyare ya yi shiru a daji, kowane Bahaushe ya san akwai abin da ya iso.

Batun 3D da kayan aiki

Ban hana ka koyon 3D ba, wato ƙera siffofi masu tsawo da faɗi da kauri a kwamfuta, manhajar Blender da ake yin sa da ita kyauta ce kuma sana'a ce mai ci. Amma ba don wannan fim ba. Tsohuwar kwamfuta za ta kwana tana fitar da 'yan daƙiƙoƙi, ga zafin bazara da ke haura digiri 40, ga ɗaukewar wuta, kuma mutum-mutumin 3D na ɗan koyo yana fitowa kamar roba, wanda zai maido ka ga dariyar da kake gudu.

Zane da hannu kuma ka yi lissafi tukuna. Fim yana tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa, masu zane sukan riƙe kowane zane sau biyu, ya zama 12. Fim na minti 6 daƙiƙa 360 ne, wato zane 4,320. In kana gama 20 kullum ba fashi, kwana 216 ke nan, kai kuma ga karatu.

Shawarata ita ce inuwa. Wata Bajamushiya, Lotte Reiniger, ta yi cikakken dogon fim da yankakken kwali a 1926, kuma har yau ana kallonsa. Abin da kake bukata: gilashin taga ɗaya, ka ɗora shi kan akwati ko tsakanin kujeru biyu, ka shimfiɗa farar takarda mai shara-shara a kansa, fitila a ƙasa, waya a sama tana kallon ƙasa, a ɗaure tam yadda ko kusa ba za ta motsa ba. Ka yanka mutanenka da baƙin kwali, ka raba gaɓoɓi, ka haɗa su da zare ko siririyar wayar ƙarfe a kafaɗa da gwiwa. Ka matsar kaɗan, ka ɗauki hoto, ka sake matsarwa. Manhajar Stop Motion Studio tana nuna maka inuwar hoton baya don ka san iya inda za ka matsar. Dubi yadda wannan ya dace da labarinka: ango mai gaɓoɓin da ake cirewa ɗaya bayan ɗaya, ai kwalin da kansa yake ba da tatsuniyar.

Abubuwa uku suka taɓa ɓata mini aiki, ka kiyaye su. Fitilar da ke jone da wutar gari ƙarfinta na hawa da sauka, sai ka haɗa hotunan ka ga fim yana ƙyafta ido, saboda haka yi amfani da fitilar batir ko ta sola mai cikakken caji. Waya tana gyara haske da kanta a kowane hoto, dole ka kulle wannan tun farko. Sai ƙurar hunturu, wadda ke sauka kan gilashi ba ka gani sai a allo, ka ajiye tsumma kusa, ka rufe tebur in ka tashi. Yashi kuwa abokinka ne: ka barbaɗa shi a kan gilashin, da yatsa za ka yi sawun nan da layin nan, kuma haske na ratsa shi da kyau. In kana son launi, je wurin dukawa ka roƙi ragowar jar fata mai laushi wadda aka fefe, in haske ya bi ta bayanta tana ba da wani ja mai duhu da ban taɓa samun irinsa a kwamfuta ba. Ka ajiye jan nan don wuri ɗaya tak a cikin fim ɗin.

Akwai wata riba kuma. In aka tura bidiyo ta WhatsApp ana matse shi, kuma wuraren duhu-duhu su suka fi lalacewa, su koma dabbare-dabbare. Baƙi ƙirin a kan haske yana tsira daga wannan.

Inda iyakata take

Abu biyu ba nawa ba ne in yanke. Na farko batun zana mai rai, wanda na san za a tare ka da shi a gida ko a unguwa. Ni mai sana'a ne, fatawa ta malamai ce, ka je wurin malamin da ka amince da iliminsa ka bayyana masa ainihin abin da kake yi. Abin da zan ce ta fuskar sana'a kawai shi ne tsarin da na ba ka, na sawu da inuwa da ƙasa, kusan babu fuska a cikinsa. Ka kuma bar abin ya zama dodon tatsuniya kamar yadda kaka ta ba da shi, kada ka jawo sunayen iskoki ko kiɗan bori don neman ƙarin tsoro, wannan wata ƙofa ce daban kuma za ta janye hankalin mutane daga fim ɗinka zuwa gardama.

Na biyu haƙƙin mallaka. Labarin Poe ya daɗe da zama na kowa, tunda ya rasu tun 1849, amma fim ɗin da wani ya yi da labarin, da kiɗansa, na masu shi ne. Haka in ka ɗauki tatsuniya daga littafin wani marubuci na zamani da kalmominsa, ka shiga gonarsa. Taka daga bakin kaka ta fito, ka rubuta sunanta a ƙarshen fim in ta yarda. Ranar da ka yi niyyar sayarwa ko kai shi gasa irin FESPACO ta Wagadugu, wadda ke karɓar fina-finan zane, ka tuntuɓi hukumar haƙƙin mallaka ta ƙasa, BNDA, su yi maka bayanin ƙa'ida. Kiɗan da ka tsinto a intanet kuwa kada ya shiga ko na daƙiƙa ɗaya, ƙwarya da sarewa sun ishe ka.

Ni kaina gajeru nake yi, ban taɓa haura minti goma ba, don haka duk abin da na faɗa maka a kan gajeren fim ya tsaya. Dodon da ka yi wata huɗu kana zanawa kada ka goge shi, hannunka ya koyi abubuwa da yawa a kansa. Kana ma iya amfani da shi sau ɗaya, a matsayin inuwa da ta faɗo kan yashi gaban ƙafafun amarya, rabinta kawai, na ƙasa da daƙiƙa ɗaya.

A wannan mako ka fara da tsayawa ta biyu kaɗai, wurin da sawu ya koma ɗaya. Daƙiƙa arba'in. Naɗi muryar ango yana cewa ta dakata shi, naɗi karan dawa, naɗi buhun yashi, ka bar shirun nan a tsakani, sannan ka yi sawun a kan gilashi. Ka kira ƙannen nan da suka yi dariya, bayan isha'i, ka zauna a bayansu yadda za ka ga kafaɗunsu ba allon ba. Ka rubuto mini a daidai wace daƙiƙa ƙaramin cikinsu ya waiwayo yana neman ka.